Sayen Tsohon Gida a Ingila: Yadda Ake Bincikar Ƙirjin Murhun da Aka Cire Ba Takarda

Gidajen jan bulo da ke jere manne da juna a unguwannin Landan, Manchesta da Bamingham, yawancinsu an gina su ne a zamanin Sarauniya Biktoriya, tsakanin 1837 da 1901, ko jim kaɗan bayan haka. A wancan lokacin, da gawayin kwal ake ɗumama ɗaki, don haka kusan kowane ɗaki yana da murhunsa. Murhun yana zaune ne cikin wani ginin bulo da ya turo daga jikin bango, ya taso tun daga ƙasa, ya bi ta ɗakin sama, ya ratsa ƙarƙashin rufi, ya fito waje a matsayin bututun hayaƙi. Wannan ginin da ya turo cikin ɗaki shi muke kira ƙirjin murhu. Bayan baƙin hayaƙin da ya rufe Landan a Disambar 1952 da dokar tsaftace iska ta 1956, sai kuma yaɗuwar hita mai aiki da gas, murhun kwal ya zama ba shi da aiki. Masu gidaje suka dinga rushe ƙirjin don ɗaki ya ƙara fili, da yawa ba tare da sanar da hukuma ba.

Matsalar ita ce ba kasafai ake rushe shi duka ba. A cire na falo a bar na ɗakin kwana, ko a cire duka biyun a bar abin da ke ƙarƙashin rufi da bututun da ke waje. Abin da aka bari kuwa nauyi ne na gaske. Ɗauki ragowar gini mai faɗin mita 1.2, turowar santimita 34, tsayin mita 3: ko an cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda ramin hayaƙi, bulon da ya rage ya haura tan ɗaya da rabi. Da ƙasa ce ke ɗauke da shi. Yanzu me ke ɗauke da shi? Wannan ce tambayar farko, kuma ta bambanta da tambaya ta biyu, wato ina takardar izini. Masu saye da yawa suna haɗa su wuri ɗaya, lauya ya samo musu takardar da za ta rufe bakin banki, su ɗauka an gama. Takarda ba ta tallafe bulo.

Duk abin da ke tafe a yi shi kafin ranar musayar kwantiragi, wato ranar da cinikin ke zama wajibi a kan mai saye da mai sayarwa. A Ingila da Wales, kafin wannan rana kana iya janyewa ba tare da asarar komai ba sai kuɗin lauya da na safiyo. Da zarar an yi musaya ka ajiye kafin alƙalami, galibi kashi 10 cikin 100 na farashi, duk aibin da ke gidan ya zama naka.

Mataki na farko: fara daga titi

Tsallaka ɗaya gefen titin ka dubi rufin, in da hali da madubin hangen nesa ko kyamarar waya mai jawo hoto. Ƙirga tukwanen da ke saman bututun. A ƙa'ida kowace tukunya tana nufin ramin hayaƙi ɗaya, kowane rami kuma murhu ɗaya. A gidajen jere bututun yakan zauna kan bangon da ya raba ka da maƙwabci, rabin tukwanen naka, rabi nasa. In ka ga takwas, huɗu naka ne, ke nan ka sa ran ganin ƙirji huɗu a ciki: biyu ƙasa, biyu sama. Zagaya ta baya ma, domin ɓangaren kicin da ya miƙe baya sau da yawa yana da nasa ƙaramin bututun, kuma shi aka fi yawan cirewa a manta.

Duba ko bututun ya karkata, ko simintin da ke tsakanin bulo ya zube, ko dalmar da ta rufe mahaɗarsa da rufi ta ɗago. Karkata kaɗai ba hujja ba ce cewa an cire ƙirji, domin gishirin da hayaƙin kwal ya bari cikin bulo yana sa tsofaffin bututu su sunkuya da kansu. Amma bututu mai karkata da aka cire masa gindi, abin ya zama biyu.

Mataki na biyu: bi ɗakunan daga ƙasa zuwa sama

Ka riƙe takarda ka zana inda kowane ƙirji yake a kowane hawa. Abin da ake nema shi ne inda layin ya yanke: akwai a sama, babu a ƙasa. In gidan maƙwabta irin naka ne kuma hotunan tallarsa na nan a shafukan dillalai, kwatanta zanen ɗakunan. Nan da nan za ka ga abin da ya ɓace.

Inda aka cire ƙirji yakan bar sawu. Katakon gindin bango yana da gaɓa biyu inda aka yi ƙari. Adon filastar da ke zagaye gefen silin yakan yanke, ko kuma ya yi lanƙwasa ya zagaye abin da babu shi yanzu. In an yarda ka ɗaga gefen kafet, za ka tarar da gajerun allunan daɓe sababbi ko faci na kankare a inda dutsen gaban murhu yake da. Ƙwanƙwasa bangon: in ya yi ƙarar rami a wuri ɗaya alhali sauran ya yi ƙarar bulo, an lulluɓe shi da allon filasta. Tabo mai ruwan ƙasa ko rawaya da ke hudo fenti a tsaye, wannan kunkunniyar tsohon ramin hayaƙi ce ke fitowa, alamar an yi filasta a kanta ba a kankare ba.

Sai ka ɗaga kai. A silin ɗin ɗakin da aka cire ƙirji, kai tsaye ƙarƙashin wanda aka bari a sama, me ka gani? In akwai wani akwati da ya sauko daga silin ya ratsa ɗakin daga bango zuwa bango, mai yiwuwa ƙarfe ne a ciki, kuma alama ce mai kyau, ko da yake sai an buɗe za a tabbatar. In silin ɗin shafal yake, ko dai an ɓoye ƙarfen cikin kaurin daɓen sama, ko kuma babu komai. Tsaga siririya kamar gashi ba abin tada hankali ba ce a gidan da ya haura shekara ɗari. Tsagar da ta kai milimita 5, ko wadda ta zana siffar ƙirjin a jikin silin, ko daɓen ɗakin sama da ya gangara zuwa wajen murhu, ko ƙofar da ke kusa ta fara cijewa, waɗannan na cewa nauyin yana kan katako.

Akwai abin da ko magina kan manta. A ɗakin sama, dutsen gaban murhu yakan zauna ne kan wani ɗan ƙaramin bakan bulo da ya jingina da ƙirjin ƙasa. In an cire ƙirjin ƙasa ba a cire dutsen ba, to dutsen na rataye ne bisa silin. Haka ma katakan da ke ɗauke da daɓe: asali an yanke su sun tsaya a gaban murhu, kan wani katako da aka gitta. Bayan cire ƙirji dole a ƙara musu tsawo su kai bango, ko a rataye su da maƙalan ƙarfe. Taka wurin da ƙafa. In yana lotsawa, ba a yi ba.

Mataki na uku: ƙarƙashin rufi

Nan ne ake ganin gaskiya da ido, don babu filasta babu fenti. Ka nemi izinin hawa tun kafin ka zo, ka taho da tsani, tocila mai ƙarfi, tef na awo da takunkumin ƙura. Kada ka taka komai sai katakon silin kansa, kuma kada ka taɓa ko girgiza bulon da ka ga yana rataye. In an jibge kaya ko audugar hana sanyi a gindin bututun, a ce mai gida ya kwashe.

Abu huɗu ake yawan tararwa.

Mafi kyau shi ne ƙarfen gini mai kauri da aka gitta ƙarƙashin ragowar, bakinsa biyu na zaune kan bangaye masu ɗaukar nauyi, da matashin kankare a ƙarƙashin kowane baki don kada ya murƙushe bulo. Auna yadda bakin ya hau bangon. Bai kamata ya gaza santimita 10 ba. Sannan ka tabbatar bangon da ya hau ɗin yana nan har ƙasa. Ba sabon abu ba ne a tarar ƙarfe na zaune daidai kan bangon tsakiya a sama, alhali an fasa wannan bangon a ƙasa don haɗe falo biyu.

Na biyu shi ne maƙalan ƙarfe masu kusurwa uku da aka ɗaure a jikin bangon haɗaka, wato wanda ya raba ka da maƙwabci, suna tallafe ragowar daga ƙasa. Su ne masu araha, shi ya sa suka yi yawa, kuma su ne suka fi jawo gardama. Ƙananan hukumomin da ke karɓarsu suna da sharuɗɗa masu kama da juna. Bangon ya kai kaurin bulo guda cikakke, wato milimita 215, kuma lafiyayye. Ƙirjin bai turo fiye da milimita 340 ba, faɗinsa bai wuce kamar mita 1.2 ba. Ƙarfen ya zama mai kusurwa na milimita 75 da 75 da kaurin 6, an yi masa walda mai kyau. Kusoshin su zama M12, wato masu kaurin milimita 12, a dasa su da gam na musamman cikin tsakiyar bulo, ba cikin layin kwaɓi ba. A shimfiɗa farantin ƙarfe a sama don kada kunkunniya da gutsattsari su dinga zubowa. Tsayin abin da aka bari ƙarƙashin rufi kada ya gaza tsayin bututun da ke waje, domin nauyin na ciki shi ke hana iska ture na waje. Babban sharaɗin kuma: maƙwabci bai cire nasa ƙirjin a ɗaya gefen ba. Dalilin wannan na ƙarshe shi ne ƙirjinsa ne ke tokare bangon yayin da maƙalanka ke jan sa ta gefenka. Wasu hukumomin ba sa karɓar waɗannan maƙalai sam, musamman a tsofaffin bangaye da aka gina da kwaɓin farar ƙasa, wanda yake da laushi ba ya riƙe kusa kamar siminti. A ganinmu, ko da maƙalan sun cika sharuɗɗa yau, amincinsu na rataye ne da abin da maƙwabci zai yi gobe, kuma ba ka da iko da hakan.

Na uku, an jera bulo hawa-hawa, kowane layi ya ɗan turo fiye da na ƙasansa, har ya tari ragowar. Tsofaffin magina sun yi wannan da yawa, wasu kuma sun daɗe ba su motsa ba. Amma masu duba gini na hukuma galibi ba sa amincewa da shi yanzu, saboda sabon bulon ba ya samun ɗauri mai zurfi cikin tsohon bango.

Na huɗu shi ne abin tsoro: allon katako, tsohuwar ƙofa, falan dutsen tsakar gida ko linta da aka ɗora kan katakan silin. Waɗannan katakan an yi su ne don ɗaukar filasta kawai. Wani lokaci ma babu komai, bulon na riƙe da kansa ta ɗan ɗaurin da ya yi da bango. Mai gida zai ce maka shekara talatin ke nan bai faɗo ba. Gaskiya ne. Yana tsaye ne saboda ba abin da ya taɓa shi, kuma rana ɗaya ruwa ya ruɓar da katako, ko guguwa ta kaɗa bututu, ko maƙwabci ya fara fasa nasa gefen, ta isa.

Kafin ka sauko, haska bangon da aka cire ƙirjin daga jikinsa. Tsakanin ramin hayaƙinka da na maƙwabci wani lokaci rabin bulo ne kawai, kimanin santimita 10. In mai rushewar ya huda shi bai toshe shi da kyau ba, kuma maƙwabcin na amfani da murhunsa, hayaƙi da iskar kabon monoksaid mai kisa ba tare da wari ba za su iya shigowa gidanka. Baƙin tabo sabo ko warin hayaƙi a nan na bukatar gwajin hayaƙi daga ƙwararre mai rajista da HETAS (masu rajistar ma'aikatan murhu) in itace ko kwal ake ƙonawa, ko da Gas Safe (rajistar ma'aikatan gas) in gas ne. Duba kuma ko an bar wa mataccen ramin hanyar iska, wato murfi mai huda a sama da ƙaramar tagar iska a ƙasa. In an toshe shi ruf, danshi zai taru a ciki ya fito ta bango.

Ɗauki hoton komai da tef ɗin awo a jiki.

Mataki na huɗu: takardu, da tarkon da ke cikinsu

Cire ƙirjin murhu aiki ne da ya shafi ƙarfin gini, don haka yana ƙarƙashin Sashe na A na Dokokin Gini na 2010, kuma ya kamata a ƙarshensa a samu takardar shaidar kammalawa daga sashen kula da gine-gine na ƙaramar hukuma, ko daga kamfanin duba gini mai lasisi. Mai sayarwa yana cike fom ɗin TA6, inda ake tambayarsa gyare-gyaren da aka yi wa gidan. Lauyanka kuma yana neman binciken CON29 daga hukuma, wanda ke nuna takardun ginin da aka taɓa bayarwa. Lauya bai taɓa ganin gidan ba, don haka kai za ka gaya masa ƙirji kaza da kaza sun ɓace, ya tambaya a rubuce: yaushe aka yi, wa ya yi, akwai lissafin injiniya, akwai hotuna ko rasit, an sanar da maƙwabci?

Batun maƙwabci na da dokarsa ta 1996 kan bangon haɗaka, wadda ta fara aiki a Yulin 1997. Ta ambaci yanke ƙirjin murhu ƙarara, ta kuma wajabta sanarwar wata biyu kafin aiki. Ba a yin wannan sanarwa bayan an gama aiki, don haka in ba a yi ba, abin da ya rage shi ne a samu bayanin maƙwabcin a rubuce cewa ba shi da ƙorafi, a kuma san halin da nasa ƙirjin ke ciki. In fulat ne kake saya a gidan da aka raba, sai an ga rubutaccen izinin mai asalin ginin, kuma ka tuna ƙirjin da aka bari yana cikin fulat ɗin wani a samanka. In gidan na cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, aikin da aka yi ba izini laifi ne, kuma umarnin maido da shi yadda yake ba ya tsufa. Yana iya faɗowa kan sabon mai gida.

Ga tarkon. In babu takarda, lauyoyi kan ba da shawarar inshorar kariya, wadda ake biya sau ɗaya, ba ta da tsada, kuma galibi mai sayarwa ke biya. Abin da take rufewa shi ne asarar da za ka yi in hukuma ta tilasta maka gyara. Ba ta biyan ko sisi in bututun ya rufto, kuma inshorar gida ta yau da kullum yawanci tana cire ɓarnar da mummunan aiki ya jawo. Sannan da zarar kai ko mai sayarwa ya tuntuɓi hukuma kan wannan gida, kamfanin ba zai ba da inshorar ba. Don haka kada ka ɗauki waya ka kira hukuma da adireshin gidan don neman bayani kafin ku yanke shawara da lauya. Ka bar ƙofofin biyu, wato inshorar da kuma zuwa wurin hukuma, a buɗe har injiniya ya yi magana.

Ƙofa ta biyu ita ce takardar daidaita aiki, wadda ƙaramar hukuma kaɗai ke bayarwa, kuma sai ga aikin da aka fara daga 11 ga Nuwamban 1985 zuwa yau. Kuɗinta ya fi na neman izini tun farko. Jami'in zai ce a buɗe silin ya ga ƙarfen, ya nemi lissafin injiniya, ya duba ko an lulluɓe ƙarfen da abin da zai jure wuta na minti 30, misali ninki biyu na allon filasta mai kaurin milimita 12.5. In bai gamsu ba sai an gyara. A da, wa'adin da hukuma ke da shi na ba da umarnin gyara ƙarƙashin sashe na 36 na Dokar Gini ta 1984 wata 12 ne; daga 1 ga Oktoban 2023 ya koma shekara 10 a Ingila, don haka tsohuwar maganar cewa an wuce shekara ba abin da za a yi ba ta da ƙarfin da take da shi. A Sikotilan tsarin izinin gini daban ne, kuma dokar bangon haɗaka ba ta aiki can.

Mataki na biyar: injiniya, ba safiyon banki ba

Wanda banki ya turo ƙimar gida kawai ya zo yi, wani lokaci ko shiga ba ya yi. Haka abin yake ko bashin gida na yau da kullum ne, ko tsarin haɗin gwiwa na bankin Musulunci; a na biyun ma bankin abokin mallaka ne, lauyoyinsa za su nemi takardun nan. Ga gida mai wannan shekaru, ɗauki binciken RICS (ƙungiyar ƙwararrun safiyo) mataki na 3. Amma shi ma safiyo ba ya fasa komai. Zai rubuta cewa bai ga abin da ke tallafe ba, a nemi injiniya. Don haka in ka riga ka ga layin ya yanke, kira injiniyan ƙarfin gini kai tsaye, mai rajista da ƙungiyar injiniyoyi ta IStructE ko ICE, mai inshorar sana'a.

Ziyararsa ba ta da amfani in ba zai ga abin da ke ɓoye ba. A nemi izinin mai sayarwa a rubuce don ɗaga alluna biyu ko uku a ɗakin sama daf da ƙirjin, ko a yanka rami kamar santimita 30 da 30 a silin ɗin ƙasa, da sharaɗin za ka biya a mayar. Ɗaga allo ya fi sauƙi kuma ba ya ɓata fenti. Ka nemi rahoton ya amsa abu uku: me ke tallafe, ya isa ko bai isa ba bisa lissafi, in bai isa ba wane ƙarfe za a sa kuma ina zai zauna. Da wannan zanen ne magina biyu ko uku za su ba ka farashi na gaskiya.

In rahoton ya ce tallafin ya isa, matsalarka ta takarda ce kawai, inshorar kariya na iya wadatarwa. Sai dai in kana da niyyar mai da ƙarƙashin rufi ɗaki nan gaba, jami'in hukuma zai shigo ya gani ko ta yaya, don haka gara a daidaita aikin yanzu da kuɗin mai sayarwa. In ya ce bai isa ba, inshora ta fita daga magana. Kamfanoni da yawa ma ba sa bayarwa in an san akwai aibi. Sai a yi sabon aiki da izinin hukuma da sanarwar wata biyu ga maƙwabci, wanda ke da kwana 14 ya amince ko a naɗa safiyon bango, mai sasanta ku kan aikin. Mun fi son a rage farashi ka yi aikin da kanka da maginin da ka zaɓa, domin mai shirin barin gida mafi araha zai nema. Amma ka fara jin ta bakin banki, don yana iya riƙe wani kaso na kuɗin har a gama. Rushe bututun gaba ɗaya yana kawar da nauyin, sai dai in na haɗaka ne dole maƙwabci ya yarda, a unguwannin da aka keɓe don adana kamanninsu kuma ana iya bukatar izinin tsara gari.

In mai sayarwa ya ƙi a ɗaga ko allo ɗaya, cinikin biri a sama yake so ka yi. Ka sa injiniya ya ƙiyasta aikin kamar babu tallafi ko kaɗan, da ƙarfe, da gyaran daɓe, da filasta, da kuɗin safiyon bango na ɓangare biyu, ka cire wannan daga tayinka. In an kammala ciniki kafin a yi gyaran, kada a sa gado a ƙarƙashin wurin har sai magini ya kafa turakun ƙarfe na wucin gadi.